Shekarar da Aka Fasa Rumbun Babana

Shekarar da tsutsa ta shiga hatsi a ƙauyenmu, babana ya fi kowa kyakkyawan rumbu. Ba yabo nake yi ba, abin da ido ya gani nake faɗa. Ƙauyen namu yana kusa da Madarumfa, inda in iska ta juyo kana jin ƙarnin tafki, kuma duk mai zuwa kasuwa sai ya bi ta bakin shingenmu. Rumbun yana tsaye a kan duwatsunsa, an ɗaure shi da sabuwar igiya, an ɗora masa sabuwar jinka, cikinsa ya yi ƙato kamar na wanda ya ci ya ƙoshi. Na sauran mutane duk sun lotsa, wasu ma ba su wahalar da kansu wajen rufewa ba.

Abin da ke cikin namu kuwa soshiya ce, wato zangarniyar da aka sussuke, da kara da ƙaiƙayi. Bayan girbi babana ya tsaya shi kaɗai ya cusa su, ya tattake, domin rumbun zana in babu komai a ciki zubewa yake yi ya tona kansa. A can sama, ƙarƙashin jinka, ya ajiye dami guda na iri, wanda ya tsinto zangarniya-zangarniya daga abin da tsutsa ta manta. Ɗan abin da ya rage an kai shi ɗaki, kuma bai ga ƙarshen sanyi ba.

Dabarar tasa tana da gindi. A wajenmu rumbun gandu ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Da rani kowa ya san yadda zai yi: maza su tafi ci-rani, mata su taɓa ɗan abin gonarsu, a haɗa da ganye da garin rogon da ke shigowa ta Ɗan Issa. Ba wanda yake tambayar mutum abin da ke cikin rumbunsa, kamar yadda ba a tambayarsa abin da ke cikin aljihunsa. Saboda haka babana ya san yana da sauran mutunci har saukar ruwa. Abin da zai faru bayan nan ya bar wa Allah, kuma bai yi shawara da kowa ba kafin ya bari.

Gidan ba ƙaramin baki gare shi ba. Akwai shi da innata, akwai ƙannena mata, ga matar ƙanena da ƴaƴanta, shi ƙanen nawa ya tsallaka Najeriya tun kaka yana aiko da gaisuwa a kai a kai. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ta wani ƙauye kan hanyar Gabi, ɗan kwantaragi, wato malamin da gwamnati ta ɗauka da hannun hagu. Yara da iyayensu suna kirana mushe, yadda ake kiran kowane malamin boko a ƙasar nan, kuma wanda ya ga yadda kuɗin watanmu ke zuwa ya san sunan bai yi nisa da gaskiya ba. Ajina na kara ne, awaki sun fi yara zuwa a kan lokaci. In na samu ɗan abu nakan ɗauro wasu tiyoyi na masara a bayan moto in kawo gida, babana ya aiko a ce mini in shigo da su ta ƙofar baya.

Kaji ne suka fara tona asirin. Kajin gidanmu tun da na yi wayo a ƙarƙashin rumbu suke wuni, suna jiran abin da zai zubo. Wannan shekarar suka ɗan gwada, suka ga ba riba, suka koma gidan maƙwabta. A madadinsu sai awaki suka soma zagayen rumbun suna jan kara ta kafar zana. Matan unguwa kuma ba sai an gaya musu ba, sun san ƙarar turmin da ke da hatsi da wanda ba shi da shi. Kafin bazara ta kankama duk ƙauyen ya sani, kuma duk wanda ya wuce sai ya ce wa babana, ma sha Allah, rumbu ya yi kyau. Shi kuma ya ce a taya shi godiya.

Mutum ɗaya ne bai ce rumbu ya yi kyau ba, yayan babana, wanda muke kira Baba Babba. Shi bai bar al'adar kakanni ba. Ba ya salla, yana da tsamiyarsa da yake yi wa yanka kafin shuka, yana shan abin da yake sha ranar kasuwa, kuma ba ya iya zagaye a magana. Shi da babana uwa ɗaya uba ɗaya ne, sun raba gandu tun ina ƙarami, amma suna gaisawa kowace safiya, babana har ƙasa. Wata rana ya zo wucewa ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙarƙashin rumbun, sannan ya tambayi innata ko kajin gidan azumi suke yi. Ya wuce abinsa.

Ni innata ce ta gaya mini, ranar wata Asabar, tana tsinke zogale ba ta dube ni ba.

"Mun kai ga iri," in ji ta. "Shina cewa wanda duk ya taɓa shi ya bar mishi gida."

Ta nuna mini ƴar ƙanena da haɓa. Yarinyar da ba ta barin kowa ya zauna lafiya tana kwance a tabarma da rana tsaka, tana kallon ƙuda. Babu abin da ke mata ciwo. Na ji tsoro a ranar, irin tsoron da ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa.

Ya kamata in yi wa babana magana, to amma ni ɗan fari ne. Bai taɓa kiran sunana ba, in yana son wani abu daga gare ni sai ya faɗa wa iska ni kuma in tsinta. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Duk da haka na gwada. Na tsuguna daga nesa, na fuskanci katanga, na ce bana an sha wuya ko'ina. Ya ce ƙwarai, mutanen arewa suna ban tausayi. Na ce na ji ana cewa gwamnati za ta taimaka. Ya ce madalla, akwai masu bukata. Sannan ya dubi gabas ya ce hadarin bana zai zo da wuri, maganar ta ƙare a nan.

Gaskiya ne gwamnati ta yi niyya. An faɗa a rediyo cewa za a raba cimaka kyauta kafin a shiga noma, don kada mutane su cinye iri ko su bar gonakinsu su tafi ƙwadago a na wasu. Niyya ce mai kyau, har yau ban ce ba. Matsalar kalma ɗaya ce. An ce rabon na gajiyayyu ne. Ban san wanda ya zauna a Yamai ya zaɓo wannan kalmar ba, amma na tabbata bai taɓa gwada ta a kan ubansa ba. A ƙauyenmu gajiyayye shi ne makahon da ake ja da sanda, ko tsohuwar da ta binne duk ƴaƴanta. Babana shi ake aikawa neman aure, shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona. Da ka kira shi gajiyayye gara ka mare shi a kasuwa.

Aka aiko wani saurayi ɗan Maradi ya bi gida-gida yana tambaya, da wata babbar waya a hannunsa da yake latsa amsoshi a ciki. Yaro ne mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Na yi sa'a, ko rashinta, ina gida a ranar. Babana ya sa aka shimfiɗa tabarmar baƙi. Ya aika cikin gida, bayan ɗan lokaci sai ga fura da nono a ƙwarya mai faifai. Na san ba mu da hatsin fura, daga baya na ji innata ta katanga ta karɓo. Yaron ya sha ya yi hamdala, ya goge baki, sannan ya fara tambayar ko gidan nan akwai yunwa.

Ya tambayi sau nawa aka ci abinci jiya. Babana ya ce sun gode Allah. Ya tambayi ko an taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Babana ya ce akwai rufin asiri. Yaron Bahaushe ne, ya san abin da wannan ke nufi kamar yadda na sani. Ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

"Baba, wayar ga ba ta da wurin mun gode Allah," ya ce a hankali. "Ko ɗaya, ko biyu, ko uku."

"To, sa wanda ya hi yawa," in ji babana. "Ba mu raina abin da Allah ya ba mu."

Da aka zo kan rumbu yaron ya ce an umurce shi ya ɗauki hoto. Babana ya tashi ya gyara hula ya je ya tsaya kusa da shi, ya dafa shi da hannu ɗaya. Da baƙon zai tafi aka ba shi ƙwan zabi a leda. Na raka shi bakin hanya, na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni. Ya ce ya gane, amma abin da mai gida ya faɗa shi waya ta ɗauka, kuma ta riga ta aika. Ya ce akwai taron gari nan gaba, inda za a karanta sunaye a tambayi jama'a ko an manta da wani. Ya hau moto yana riƙe da ƙwan da hankali.

Ranar taron na bar yara da darektan lakwal ɗinmu na zo. An taru a gindin itacen bedi na ƙofar maigari, maza a gaba, mata can baya jikin katanga. Wani babba da ya zo daga meri, ofishin magajin gari, ya yi jawabi, ya ce gwamnati ba ta son a zalunci kowa, shi ya sa komai a fili za a yi shi. Saurayin nan ya karanta sunayen waɗanda waya ta zaɓa. Akwai na gaskiya a ciki. Akwai kuma wani da na san yana da shanun huɗa, wanda ya kai su gidan surukinsa ranar tambaya ya sa riga mai ɓula. Shi ba shi da matsala da kalmar gajiyayye, ya amsa sunansa da ƙarfi.

Babana yana zaune a sahun gaba kusa da liman, yana gyaɗa kai a kan kowane suna, wani lokaci ya ce Allah sarki. Da aka gama aka tambaya ko akwai gidan da aka manta. Mutanen da suka san halin gidanmu har adadin bakunan da ke ciki suka sunkuyar da kai suna zane a ƙasa da tsinke. Saurayin, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari. Ya ambaci unguwarmu, ya ce ko akwai wani a can. Maigari ya yi gyaran murya ya ce mutanen unguwar nan masu rufin asiri ne. Babban meri ya ce to madalla, ya fara rufe jakarsa. Ba mugunta suka yi ba. Girmama shi suke yi, kuma da sun ci gaba da girmama shi haka da mun yi jana'iza a gidan kafin hatsi ya fitar da kai.

Baba Babba yana can gefe a kan wani kututture, inda yake zama kullum don ba ya shiga sahu. Ya tashi, ya saɓa gatarinsa, ya ratso ta tsakiyar mutane bai nemi a ba shi hanya ba.

"Yaro, taso ka biyo ni da wayar taka," ya ce wa saurayin.

Har yau ban sani ba ko innata ce ta aika masa. Na tambaye ta, ta ce ba ta aika ba, kuma ta faɗi hakan da sauri.

Duk taron ya bi shi, don ba a kallon mutum da gatari a kafaɗa a zauna. Ya tsaya gaban rumbun. Duwatsun da rumbun yake kai ubansu ne ya dasa su, kuma a al'ada babban gida shi ke buɗe rumbun gandu. Tun da aka raba gandu bai ƙara buɗe namu ba, amma ba wanda ya taɓa karɓe wannan haƙƙin daga hannunsa. Bai yi wata addu'a ba, ta tasu ko tamu. Ya sare igiyar tsakiya, ya sare ta ƙasa, ya sa ƙotar gatari ya ɓalle zana. Soshiya da kara suka zubo har gwiwarsa, ƙaiƙayi ya tashi ya shiga idon babban meri. Jinkar ta karkace, damin irin ya gangaro ya faɗi a gefe. Awaki ne kawai suka yi murna.

Saurayin ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto. Sai mutane suka dare, babana ya ƙaraso, don shi bai yi sauri ba. Ya dubi tulin. Ya sunkuya ya ɗauki damin irin, ya kakkaɓe shi, ya duba ko zangarniya ta karye. Sannan ya juya wajen yayansa.

"Yaya, da ka ce a kwance. Igiyar ga sabuwa ta."

"Ka murza wata," in ji Baba Babba. "Ɗiya ba su kwana da yunwa ina raye."

Babana ya rungumi damin ya shiga gida. Aka sa sunansa cikin na masu karɓar rabo.

Na yi fushi a ranar, kuma ban san da wa zan fara ba. Na ji haushin Baba Babba da ya tsiraita ƙanensa a gaban yara da mata. Na ji haushin babana da ya gwammace a yaba rumbu jikarsa tana kwance. Na fi jin haushin tsarin da ba ya iya ba mutum abinci sai ya tsayar da shi a dandali ya ce shi mayunwaci ne. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai wani sanyi da ya sauko mini a ƙirji, don na san za a ɗora tukunya. Da yamma innata ta fito da ƙannena suka kwashe karan, ta ce zai yi amfani a murhu.

Daga ranar babana ya daina zaman ƙofar masallaci. Ya yi salla ya ɗauki takalminsa ya wuce. An zo kiransa wani sulhu ya ce a nemi wani, ƙafa tana damunsa. Gaisuwar safe tsakaninsa da yayansa ba ta yanke ba, yana zuwa yana tsugunawa, sai dai ba ta wuce lafiya lau. Ruwa ya sauka, ya shuka irinsa duka, bai bar kowa ya taya shi ba.

Da kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo cimakar, a lakwal ɗinmu aka sauke, don nan ne tsakiyar ƙauyukan kuma muna da aji guda na siminti mai ƙofa. Aka ce malamai su taimaka, tunda su suka iya karatu kuma ba sai an biya su ba. Darekta ya riƙe lasifika yana kiran sunaye, wani yana auna buhu, ni aka ba ni tawada. Aikina in kama babban yatsan mutum in shafa, in danna a takarda kusa da sunansa. Doka ta ce mai gida da kansa zai zo, ba aike. Na roƙi darekta ya canza mini aiki, ya ce ai tawada ba ta da wuya.

Na yi zaton ba zai zo ba. Ya zo tun da hantsi, a ƙafa, cikin babbar rigarsa ta Salla. Mutanen layi suka gan shi suka fara matsawa don ya wuce gaba, ya ce a'a, kowa ya tsaya inda yake. Ya bi bayan wata tsohuwa ya tsaya a rana. Darekta kuwa duk bayan ɗan lokaci sai ya tuna wa jama'a ta lasifika cewa wannan layin na gajiyayyu ne kawai, wanda ba gajiyayye ba ya koma gefe. Ina danna yatsun mutane ina kallon rigar tana matsowa.

Aka kira sunansa, ya amsa ba da ƙarfi ba, ba kuma a ɓoye ba. Ya tsaya gaban teburina yana kallon allon da ke bayana. Ya miƙo hannu. Na kama. Ban san hannunsa ba shi da nauyi haka ba, kuma yana da sanyi duk da ranar da ya sha. Na shafa tawada na danna. Da na ɗaga sai ga baƙin tabo kawai, sumul, babu zane ko ɗaya. Mai duba aikin ya leƙo ya ce wannan bai fita ba, a sake. Na goge yatsan da gefen rigata, na sake shafawa, na danna a hankali ina juya shi yadda aka koya mana. Tabo ya sake fitowa kusa da ɗan'uwansa. Mai dubawa ya ce in ba zane ba za a karɓa a sama ba, a gwada kuma. A layi kowa yana kallon wani wuri daban.

Babana bai janye hannunsa daga nawa ba. Ya ɗan sunkuyo, idonsa har yanzu a kan allo.

"Mushe, hwaɗa musu haka nan shike. Hauya ta cinye shi."

Na faɗa wa mai dubawa da Faransanci. Ya kama yatsan ya juya shi a haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar shi haka. Aka jawo buhun. Na miƙe zan ɗauka masa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya naɗe hannun babbar rigar a kafaɗa, ya tsuguna, wasu samari suka ɗora masa a ka. Ya miƙe ya daidaita shi. Ya bi ta gefen layin a hankali, yana amsa gaisuwar duk wanda ya gaishe shi, har ya fita ƙofar lakwal.

Tsohon da ke bayansa ya riga ya miƙo mini yatsa. Na kama na shafa tawada.